Zuwa ga baban maigidana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida ku duka, kai da ɗiyata da kishiyata da maigidana, ya aiki ya Abuja. Mu nan alhamdulillahi sai zafi, ka dai san Sakkwato in watan huɗu ya kama, tun hantsi ba mai iya taka tsakar gida ba takalmi, babanku ya ƙaurace ma ɗaki ya koma gindin dogon yaro da tabarmarshi da rediyo.

Rubutu na zaɓa don in na kira ka ba ka barina in dire magana, sai ka ce Inna tsaya in yi maki bayani, daga nan bayanin shi cinye katin ban faɗi abin da ke raina ba. Yau kai za ka tsaya. Ka karanta har ƙarshe kafin ka taɓa waya.

Auta ta dawo daga wurinku ran Lahadi, kuma kar in ji ka kira ta da faɗa, ba tsegumi ta kawo ba, ni na matsa mata don na ga duk sanda na tambayi yaro sai ta kama kewaye-kewaye. Tac ce kun ware ma maigidana ɗaki, yaron da ko shekara bai rufa ba, an kai mashi gado can shi kaɗai, in ya tashi da kuka cikin dare ka hana uwar ta motsa, kana riƙe da waya kana ƙirga minti, sai lokacin da ka yanka ya cika kana ta je, shi ma ba ɗauka ba, leƙe kawai ta dawo. Tac ce akwai daren da ta ji muryarshi har ta dushe, ta fito ta iske matarka zaune ƙasa bakin ƙofar ɗakin ta jingina kai da ƙyaure tana hawaye, nono ya kawo ya jiƙa mata gaban riga, ba ta shiga ba don kac ce in ta shiga ta rushe aikin da anka faro. Wai har goyo kac ce a rage, goyo na sa yaro ƙiwa. Tun da na ji wagga magana kwana ya gagare ni.

Na san inda ka ɗauko abin, ba sai ka turo mani wani bidiyo ba. Ko ka manta mi nike koyarwa kafin in aje aiki? Ilimin halayyar yara na koya ma ɗaliban malanta tun kana yawo ba wando, sunayen nan da kake ta jefo ma mutane a zaure na rubuta su bisa allo har alli ya ci mani yatsu.

Pavlov ɗin naka ɗan Rasha ne, kuma shi ba halin mutane ya fita nema ba, yadda ciki ke narka abinci yake bincike har anka ba shi kyautar Nobel a kai a 1904. Shina tara yawun karnuka ta wani ɗan bututu da ya maƙala masu ga kumatu, sai ya lura tun kafin nama shi iso, da sun ji takun mai kawo abincin yawu ya fara zuba. Sai ya riƙa haɗa wani sauti da abinci, a buga a ba su, a buga a ba su, har ta kai ga sautin kaɗai ke sa yawu dalala ko babu nama, in kuma anka yi ta bugawa ba a kawo komi to a hankali yawun shi janye. Wannan gaskiya ne ba sai an je Rasha ba, awakin gidan nan da sun ji an taɓa kwanon dusa, ko wanke shi za a yi, kamar su tsinke igiya.

Skinner na Amurka shi ya ƙara gaba. Ya sa ɓera cikin akwati da wani ɗan ƙarfe, in ɓeran ya danna ƙwayar abinci ta faɗo, kan ka ce mi ɓera ya zama gwanin danna ƙarfe. Ya fitar da littafi kan haka a 1938, kuma abin da yake cewa a taƙaice shi ne duk aikin da lada ta biyo bayanshi ƙaruwa yake, wanda anka yi banza da shi kuma shi mutu don kanshi. Mutumin nan har tantabaru ya koya ma buga ƙwallon tebur, lokacin yaƙin duniya na biyu ma ya so a sa su cikin makami su riƙa saita shi da caccakar hoto, sojoji dai ba su yi aiki da shi ba. Inda na fi sara mashi shi ne batun ladar da ba ta da tabbas, yau a samu gobe a rasa jibi a rasa gata a samu, yac ce wadda anka saba ma haka ta fi kowace nacewa, ko an yanke ladar ba ta saurin haƙura. Je ka dubi samarin unguwarmu a shagon cacar ƙwallo tun safe har magariba, sau ɗaya yaro ya ci dubu biyar ya salwantar da kuɗin kabukabun wata guda shina jiran ta biyu. Kai ko ni da tsufana wani lokacin sai in ga awa ta wuce ina shafa wayar nan ban san mi nike nema ba. To ka ga ban raina iliminsu ba, akwai inda sunka gano mu sarai.

Kuma na gane nan ce hujjarka kan ɗiyata, wai in yau ta daure gobe ta kasa ta ɗauke shi to ta koya mashi shi ƙara nacewa kenan. A takardar jarabawa ka ci, da na ba ka maki. Amma ɓeran can da gangan ake rage mashi abinci shi ji yunwa kafin a sa shi akwatin, buƙatarshi ɗaya ce kuma mai gwajin ya san ta don shi ya ƙirƙire ta. Jariri fa? Ba shi da baki sai kuka. Yunwa kuka, ciwon ciki kuka, haƙori kuka, kunne na ciwo kuka, zafin ɗaki ko sauro ko zazzaɓi ya taso tsakar dare duk kuka, ko kuma kawai ya farka cikin duhu ya lalubi gefenshi bai ji kowa ba. Agogon wayarka ta ina zai rarrabe su? Ka san yadda zazzaɓin sauro ke yi ma yara a ƙasar nan, jiki lafiya lau da isha'i, ƙarfe biyu ya ɗau zafi kamar garwashi, wani har shi kai ga shiɗewa, kuma uwar da ke kwance da ɗanta ita ke fara ji ga fatarta tun kafin shi buɗe baki. Wanga shi ne abin da ke hana ni kwana, in rufe ido in ga yaron nan jikinshi na ci shina kira, ku kuna falo kuna jiran minti goma su cika.

In kac ce zai daina kukan, ban musa ba, zai daina, tsarin naku na aiki. Sai dai shiru iri biyu ne. Akwai na yaron da hankalinshi ya kwanta, akwai na wanda ya gane ko ya kira ba mai zuwa. Daga bakin ƙofa duk ɗaya suke, kuma mutanen naka bakin ƙofa suke tsayawa, don tun farko sun ce abin da ido bai gani ba ba su da aiki da shi. Bayan gwamnatin Romaniya ta faɗi a 1989 da anka shiga gidajen marayunsu, abin da ya tada ma mutane hankali har da wanga, ɗaki cike da jarirai amma tsit. Ban ce gidanka gidan marayu ba ne, Allah shi kiyaye, kar ka juya mani magana. Cewa nike shiru kaɗai ba shaida ba ne.

Shi wanda ya kafa mazhabar da su Skinner ke bi, Watson, a 1913 ya yi shelar a daina maganar zuciya da tunani cikin wanga ilimi, a tsaya ga abin da anka iya gani anka iya aunawa. Shi ne mai cika bakin nan da kowane ɗalibi ke haddacewa, wai a ba shi jarirai 12 lafiyayyu da duniyar da zai rene su yadda ya ga dama, zai ɗau kowane ya maishe shi likita ko lauya ko babban ɗan kasuwa, ko ma mabaraci ko ɓarawo, ba ruwanshi da baiwar yaron ko asalinshi. Masu ɗauko maganar ba su cika ƙarasa ta ba, nan take a gaba shi da kanshi ya amsa cewa ya zarce inda hujjojinshi sunka tsaya. Ba a ba shi 12 ɗin ba. Ɗaya ya samu, wani jariri da sunka kira Albert a asibitin jami'ar Johns Hopkins, sunka fitar da sakamakon a 1920. Yaron shina wata 9 anka nuna mashi farin ɓera da zomo, ko gezau, har hannu yake miƙawa. Da ya kai wata 11 sai sunka riƙa aje mashi ɓeran, da ya kai hannu sai a rafka guduma bisa sandar ƙarfe a bayan kanshi, yaro shi zabura shi kife shina kuka. Ba a jima ana yi ba ya koma da ya hango ɓeran sai kuka da rarrafen gudu, tsoron kuma ya yaɗu ga zomo da kare da rigar gashi. Haka anka fita da shi daga asibitin ba a warware mashi ba. Ina karantar da wanga gwaji a aji ina kallon fuskokin ɗalibaina mata masu goyo, ba wadda ta taɓa cewa kai amma wanga mutum ya burge ni.

To shi ne kuma a 1928 ya rubuta ma iyaye littafin reno, yac ce kar a rungumi yaro kar a sumbace shi kar a ɗora shi bisa cinya, in ya zama dole a sumbaci goshi sau ɗaya lokacin kwana, da safe a gaisa da shi da musabaha. Musabaha da ɗan da ka haifa, sai ka ce baƙon da yaz zo daga Illela. A lokacin ma ya daɗe da barin jami'a, tun 1920 wata badaƙala ta aure ta fitar da shi, ya koma kamfanin talla shina tsara yadda za a sa mata su sayi man shafawa da hodar jarirai. Ga malamin da nasiharshi ta zagayo ta shigo ɗakin jikana.

Kuma ba mu masu zane da mayafi kaɗai munka ƙi ba, ’yan uwansu masana su sunka fara warware masu. A 1958 Harlow ya raba jariran birai da uwayensu ya yi masu uwa biyu na ƙarya, ɗaya ta wayar ƙarfe zalla amma da kwalbar madara, ɗaya an naɗe ta da tattausan ƙyalle ba ta da ko ɗigo. In da so ladar abinci ne kawai ai wurin mai madara za su tare. Ina, su je su tsotsa su ruga su maƙale ma mai ƙyalle, can suke wuni, in anka tsorata su da wani abin wasa mai ƙara nan ma ita suke rugawa su ƙanƙame. Akwai kuma wata mata Mary Ainsworth, ita a Yuganda ma ta faro aikinta wajen 1954, tana shiga gidajen mata irinmu tana zama tana kallon yadda suke da jariransu, daga baya a Amurka ita da abokiyar aikinta sunka bi gidaje 26 shekara guda, a 1972 sunka ce sun samu uwayen da ke saurin amsa kuka a watannin farko su ne ’ya’yansu sunka fi ƙarancin kuka wajen ƙarshen shekara. An yi ta gardama kan binciken, na sani, gida 26 ba duniya ba ce, amma dai ka ji akasin lissafinka ya fito kuma ba daga bakin tsohuwar Sakkwato ba. Hatta ɗaliban Skinner, wani mutum da matarshi masu horar da dabbobi, a 1961 sun rubuta cewa sun koya ma alade, a gafarce ni, shi ɗau kuɗin katako shi jefa a asusu a ba shi abinci, ya iya tsaf, amma da tafiya ta yi nisa sai ya koma yar da kuɗin ƙasa shina turbuɗa su da hanci shina tono, ga yunwa ga lada na jira amma halin da anka halicce shi da shi ya rinjayi horon. Dabba ma kenan akwai abin da taz zo da shi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mani rai, don ba Auta ta fara buɗe mani ido ba. Da kunka zo Sallah kana zaure kai da ɗan baffanka ina jin ku daga madafi, kac ce mutum ba komi ba ne illa abin da anka saba mashi, kunya sabo, ladabi sabo, har ka kawo tantabarun nan da ake zuba ma hatsi duk bayan daƙiƙa 15 ko sun yi wani abu ko ba su yi ba, wata ta kama juyi wata ta kama kaɗa kai tana zaton ita ke jawo hatsin, kana dariya kana cewa wasu addu'o'in mutane ma, sai ka yi shiru da ka ji motsina. Na san gwajin, na 1948 ne. Na yi kamar ban ji ba saboda baƙi. Ka yi istigfari, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne kuma kai ba yaro ba ne. Amma da la'asar da Gwaggo ta yi maka magana kan barin yaro shina kuka bisa tabarma, mi kac ce mata? Kac ce ai ni ma Inna ba ta taɓa ɗaukata ba ga ni na girma. A gaban matarka, a gaban ƙannenka, kana murmushi. Ni ka faɗa ma haka.

Kai ɗan fari ne. A gidan da anka kai ni ina yarinya, cikin surukai da kishiyoyin uwar miji da facaloli, macen da ta ɗau ɗan farinta tana mashi wasa a tsakar gida ta gama zubar da mutuncinta da na gidansu, ko sunanka ban faɗi kuma har yau ban faɗi, ba kuma yau zan fara ba. Haka munka taras haka munka yi, kuma ban ga abin neman gafara a ciki ba. Amma ka tambayi duk wanda ya rage a tsohon gida ko an taɓa rufe ka a ɗaki kai ɗaya. Bayan Hajiya, Allah shi jiƙanta, har kanta ya yi don goyonka, daga bayanta sai na Gwaggo, daga nan sai ’yan matan gida su yi ta faɗa kan wa za ta karɓe ka, ƙafarka ba ta san ƙasa ba sai da ka fara ƙwace kanka. Ni na janye hannuna ne don na san akwai hannu goma a ƙarƙashinka. Kai da ka janye na matarka, na wa ka bari?

Kuma in dare yay yi anka rufe ƙofa wa kake zaton ke tare da kai? Shekarar ƙyanda, wadda ta ɗauke yaron maƙwabtanmu da ka sani, idanunka sun manne da kwantsa ba ka iya buɗe su, bakinka duk ya fashe ba ka iya kama nono, sai in tatsa a cokali in riƙa ɗiga maka ta gefen baki, in jiƙa auduga da ruwan ɗumi in goge idon a hankali daga ciki zuwa waje, mafici a ɗaya hannun, fitilar ƙwai na ci har kalanzir shi ƙare in ci gaba cikin duhu da lalube, kunnena bisa ƙirjinka ina sauraren numfashi. Da an kira assalatu in wanke fuska in miƙa ka ga Hajiya in ɗaure fuska in kama shara kamar ɗan wani ne ba shi da lafiya. Wanda ya tsaya da takarda da biro shina rubuta abin da ido ya gani da rana zai rubuta wagga mata ba ta damu da ɗanta ba. Kai ma abin da ka rubuta kenan ashe.

Na san amsar da ke bakinka, na koyar da ita, za ka ce shirun da kake yi in na ɗauke ka shi ne ladata, shi ya horar da ni. To dararen da ba ka yi shirun ba fa, da wanda malamin asibiti ya dube ka ya kauda kai bai ce komi ba? Wace lada ke gabana a lokacin?

Dukan kuma da kake yawan goranta mani cikin wasa, e na buge ka. Na kuma san Skinner bai yarda da duka ba, yac ce danne hali yake na ɗan lokaci, ba shi koyar da na kirki, sai ma shi koya ma yaro ɓoyo da gudun mai dukan, kuma a yawancin lokuta gaskiyarshi. Shi ya sa ban kasance mai dorina a hannu kullum ba, ka tambayi ƙannenka. Amma ranar da anka zo anka ce mani an gan ka bakin gulbi da damina ruwa ya kawo, kai da yaran nan biyu kun tuɓe riguna, ba ranar zama a tsara jadawalin lada ba ce. Da za a maimaita sai na ƙara maka biyu.

Abin da nike so ka gane, mu ba mu taɓa musun tasirin reno ba. Tun kafin a haifi kakan Watson ake cewa icce tun shina ɗanye ake tanƙwasa shi, kuma hadisi ya faɗa cewa kowane abin haihuwa bisa fiɗira ake haihuwarshi, iyayenshi ke juya shi. Amma ka lura akwai abin da yaz zo da shi kafin a juya, ba fanko anka miƙo ba. Kai da ƙaninka nono ɗaya tukunya ɗaya makarantar allo ɗaya, shi tun shina rarrafe in anka hana shi abu sai shi yi dariya shi nemi wani, kai kuwa sai ka ƙi cin abinci har dare, yau ga ku nan kowa da halinshi, wa ya saba maku daban? Sannan hadisin farko da ka haddace a Islamiyya, wanda ka tsaya gaban mutane ranar walima ka karanto da ’yar muryarka, na niyya ne. Mutum biyu a sahu ɗaya, ruku'u ɗaya sujada ɗaya, ko kyamara ka kafa ba ta raba su, ɗaya don Allah ɗaya don surukinshi na bayanshi. Ilimin da yac ce ba ruwanshi da abin da ke ciki, waɗannan biyun ɗaya ne a wurinshi. Yana iya yi maka amfani wurin koya ma yaro zama bisa fo ko wanke hannu, ni ma na raba alawa a aji kuma ta yi aiki, amma kar ka ɗauke shi ka ce shi ne bayanin ɗan Adam gaba ɗaya.

Shi ya sa takardar nan da anka ce ka manna ga firji ta kishiyata, kowace salla tauraro, tauraro biyar naira ɗari, ita ma ba ta kwanta mani ba, ko da yake ba ta kai ta yaron zafi ba. A 1973 an gwada a wata makarantar reno ta jami'ar Stanford, yara masu son zane don kansu anka yi ma wasu alkawarin kyauta in sun yi, bayan an ba su anka dawo ana lura, sai ga shi sun rage zanen fiye da waɗanda ba a yi ma alkawari ba. Ranar da ba canji a aljihunka mi za ta yi da la'asar? Ka tsaya kusa da ita ku yi tare, ta ga goshinka a ƙasa, in ka ga dama ka sayo mata abu ranar da ba ta zata ba.

Ni na san ba mugunta ba ce, ɗan da na haifa ba mugu ba ne. Gajiya ce. Ka fita tun duhu ka sha cunkoson hanya ka dawo bayan isha'i, ita ma ga aikinta ga gida, ku biyu rak cikin bene ba kaka ba gwaggo ba ’yar maƙwabta da za a miƙa ma yaro a runtsa, dole mutum shi nemi dabara, sai ka samu wadda ta zo da turanci da lissafi ta kwanta maka. Tun kana ƙarami haka kake, komi sai ka ja mashi layi da rula, littattafanka ma jere suke bisa tsawo, ina alfahari da hakan kuma shi ya kai ka inda kake. Ban raina wahalarku ba wallahi. Da ka buɗe baki kac ce Inna mun gaji da tuni an san abin yi, amma kai ba ka iya cewa ka gaji, wannan kuma na san inda ka gado shi.

Ga abin da nike so. A maido gadon yaron ɗakinku daren yau, ba gobe ba, a ɗaura mashi gidan sauro, in ya yi kuka uwarshi ta taɓa jikinshi tukuna kafin a yi wani lissafi. A bar ta ta goya abinta yadda ta so, ƙiwa ba ciwo ba ce, duk kun yi kun bari. Ku kai shi a duba mashi kunne da dasashi don Auta tac ce shina yawan jan kunnen hagu. In ya ƙara wata shida ko shekara kuna son shi saba da gadonshi akwai hanyar yi a hankali ana zaune kusa da shi, ni zan nuna mata. Sannan ka ba yarinyar mutane haƙuri, amana anka ba mu, ban san da wane ido zan dubi uwarta ba in ta ji ɗiyarta na kwana bakin ƙofa.

Na yi magana da babanku, bai ce komi ba sai carbi da ya ja, ka dai san ma'anar wannan. Ya yarda Auta ta koma wurinku in ta gama jarabawa ta zauna har ƙarshen hutu, in kuma ba ta isa ba ni da kaina zan hawo mota, gwiwar ta yi sauƙi. Akwai saƙo wurin direban da ka sani zai taso ran Alhamis, kuka da daddawa da man shanu da ɗan kilishi, man na yaron ne a riƙa shafa mashi bayan wanka, kilishin kuma na kishiyata ne kar ka cinye. Ka ba ɗiyata waya ta kira ni yau bayan isha'i, ita kaɗai, kai ka ba mu wuri. Allah shi yi maku albarka shi raya mana su.

Innarku